Gidan Inna a Cikin Akwatin Aro

Baban Ummi,

Assalamu alaikum. “Asabar mai zuwa zan mayar miki da shi kan kwamfuta, kafin ruwan shayi ya tafasa an gama.” Maganarka ce, ko wasali ban ƙara ba. Kana kishingiɗe a falo ka faɗe ta, ƙafa ɗaya a kan hannun kujera, ko ɗago kai ba ka yi ba. Ka faɗa da rani, ka faɗa da damina, ka maimaita da azumi har ka ce in shaida. To na shaida. Asabar ta zo ta wuce har na daina yi mata maraba, kai kuma ka tafi ka bar ni da ruwan shayi a kan wuta.

Na san ba za ka karanta wannan wasiƙa ba. Bai dame ni ba, don ko kana da rai, takardar da ba ta maganar sammore ko ciwon hantar shanu ba ta wuce layi uku a hannunka. Ni kuwa rabin rayuwata a aji na yi ta, ina koya wa 'yan mata rubutun wasiƙa: adireshi a dama, gaisuwa a hagu, a faɗi buƙata, a rufe da ladabi. Yau ga ni da wasiƙa babu adireshi, ladabin ma sai abin da ya samu.

Kada ka ce na yi saɓo. Ban ja da ƙaddara ba. Wanda ya ba ni kai shi ya karɓe ka, kuma babu sallar da nake sallamewa ban roƙa maka rahama ba. Da kai nake faɗa. Da mutumin da aka ce masa jininsa ya hau, ya ce Asabar zai koma asibiti. Mutumin da zai hau babur har Kongolam cikin rana don saniyar wani ta ƙi cin dusa, amma ƙwayar da ke aljihun rigarsa ta gagare shi haɗiya. A kara ka faɗi, tsakiyar shanu, an ce kana duba haƙoran wani bijimi. Bijimin yana nan lafiya lau, in kana son sani. Na tambaya.

Bari in fara da labarin gida, kada ka ce faɗa kaɗai na kawo. Ummi ta koma Kano, ta ci jarrabawarta duk da abin da ya same mu. Ta rame, ta ce abincin makaranta ne, na bar ta a kan haka. Tunkiyar da ka ce juya ce a sayar ta haifi biyu. Likitan dabbobi ke nan. Zogalen bayan ɗaki ya fi katanga tsawo. Ni kuma Juma'ar nan zan fita takaba, Litinin in koma makaranta. Inna tana nan, tana cin abinci, ƙafar ce dai yau da sauƙi gobe babu. Maganarta ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Tunda kai mai mantuwa ne, bari in tuna maka yadda aka yi. Ruwa ya ci gidan Baba na Sandamu, yayyena suka share wurin suka jera shagunan siminti, muka ɗauko Inna muka dawo da ita nan Daura. Sai ruɗin tsufa ya biyo baya. Kullum aka yi la'asar sai ta ɗaure zannuwanta a ɗankwali ta ce gida za ta, ba a rufe kaji ba. In an ce mata gidan babu shi, ta yi kuka kamar yau ya faɗi. In an kulle ƙofa, ta ce mun ɗaure ta. Ranar da ta sulale muka same ta a tasha tana tambayar motar Sandamu, takalmi ƙafa ɗaya, ranar ce ka shigo da akwatin gem a hammata. Na ƙanenka Sanusi ne, daga shagonsa na Kongolam inda samari ke buga ƙwallo a talabijin. Aron mako biyu ka ce masa.

Na ce maka uwata na neman ɓata, kai kana shigo mini da wasan yara. Ka haɗa wayoyi ka kunna wasan nan na gini, wanda komai nasa bulo ne mai kusurwa huɗu, ƙasa da itace da tunkiya, har rana da wata. Ka share fili, ka roƙi Inna ta gaya maka ta ina ake shiga gidanta. Ta juya fuska gefe, yadda ta saba in kana wuri, ta ce zauren gabas yake kallo.

Haka gidan ya tashi, bulo bayan bulo, kowace la'asar. Zaure, shigifa, turakar Baba, ɗakin Inna da rumfarsa, madafa, rumbuna, rijiya, da tsamiyar da ba ta yi kama da tsamiya ba amma Inna ta karɓe ta don ta ga ka wahala. Fuskar talabijin ta rabu biyu, sama nata, ƙasa naka. Ka ɗora mata hannun gem ɗaya a cinya, ka koya wa babban yatsanta turawa gaba. Ita tana cikin ɗakinta tana fuskantar ƙofa. Kai ka taho daga zaure, ka yi sallama da bakinka, ka tsaya a bakin ƙofa, ka danna mutumin naka ya durƙusa. Ba ka taɓa tsallake dokin ƙofar ba. Surukin kirki ko a talabijin ba ya shiga ɗakin surukarsa. Sai ku rufe kaji tare, a kira magariba, ƙunshin zannuwa yana inda yake ba a taɓa shi ba.

Ban manta da aladun ba. Wasan yana tsiro da dabbobi inda ya ga dama, bai san gidan Musulmi ba. Sau nawa ka riga Inna zama don ka kori alade daga gindin rijiyar Baba? Ranar da ɗaya ya kuɓuce maka ya leƙo rumfa, ka ce mata ɗan maraƙi ne mai ciwon fata. Ta ce a jiƙa masa kanwa. Na shige madafa na cusa mayafi a baki don kada ka ji dariyata ka samu bakin magana.

Sanusi ya zo bayan sadakar arba'in. Ya zauna daga bakin ƙofa ya gaishe ni, ya sake gaishe ni, ya tambayi Ummi, ya tambayi tunkiya, har zogale sai da ya tambaya, kafin maganar ta fito. Wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona masa akwatuna biyu, samari sun koma shagon maƙwabcinsa, ga iyali. Bai ƙarasa ba na ce kayansa ne. Ba zan bari a tsayar da kai a can a kan akwatin gem ba. Abin kunya ne a ce malamin dabbobi guda, haƙƙin da ya bi shi kabari ke nan. Mako biyun naka ya shekara ya sake shekara. Sai dai ya gaya mini gaskiya: cikin akwatin ƙarami ne, in zai zuba ƙwallonsa dole ya goge duk abin da ke ciki. Na roƙe shi ya ɗaga mini zuwa fitar takaba. Ya yarda, har ya samu bakin tsokana, wai matar yaya ta zama 'yar gem, in na ƙware in zo shago ya ba ni aiki. Na ce ya jira, ina zuwa in kore shi.

Ka ga inda Asabar ɗinka ta kai mu? Tun farko don me na ce ka mayar da gidan kan kwamfutata? Don na san kayan aro ba ya rufe katara. Ummi ta zo hutu ta ce ai abu mai sauƙi ne, Abba ya ce kafin shayi ya tafasa. Ta kwafo shi a filashi ta soka wa kwamfuta. Kwamfuta ta ce ba ta san wannan baƙon ba. Yarinyar ta yi ta bincike, ni ma na zauna na karanta abin da ta samo, don ban yarda a karanta mini ba. Ashe suna ɗaya ne, kama ɗaya, amma na akwati daban, na kwamfuta daban, kamar tagwayen da aka raba goyo. Irin akwatin nan kuwa abin da aka gina a cikinsa kulle shi yake yi, shi kaɗai ke iya buɗewa. Wato alkawarin da ka yi ta ɗagawa, ko ka zauna cika shi ba zai cika ba.

To ina tambayarka, Likita. Ka sani ko ba ka sani ba? Zuciyata tana gaya mini tun Asabar ta farko ka gwada ka ga ba ya yiwuwa, kunya ta hana ka faɗa, don ni ce mai cewa kwamfuta ta fi, kai kana cewa akwati. Me zai ci ka in ka ce mini, Delu, abin nan ya gagare ni? Da mun zauna mu biyu mun sake gina shi, kana faɗa ina jerawa. Kai ka fi kowa cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, sai ka bar ni da jinkar da hannun.

Don haka na zauna na koya. Takaba ta ba ni abin da aikin gwamnati bai taɓa ba ni ba, wato zama. Da hantsi, Inna na barcinta, sai in kunna akwati a talabijin, in ɗora kwamfuta a cinya, in leƙa can in jera nan. Makon farko faɗawar da na yi a rami ta fi a ƙirga. Ni da nake gyara wa ɗalibai jimla, na kasa fita daga rijiyar ubana. Yanzu kuwa, tunda mun daɗe muna gardama a kan abin da kowannenmu rabinsa ya sani, zauna ka ji hukuncin wadda ta taɓa duka biyun.

Akwatinka ɗan gata ne. In babu wuta ba ya motsi, in an ɗauke ta ana tsakiyar aiki ya mutu da abin da ke hannunsa, in ya yi zafi ya riƙa gurnani kamar injin niƙa. Kwamfutata tsohuwa ce, takan yi ɗingishi in na juya da sauri, amma tana da batir, a ɗauke wuta a kawo bai sha mata kai ba. Duniyar akwatinka kuma 'yar mitsitsiya ce. Ka tuna ranar da Inna ta ce a kai ta gonar Baba, kuka yi ta tafiya har kuka ci karo da teku, abu ya ƙi gaba, ka ce mata damina ce ta cinye hanya? A kwamfuta babu wannan bangon, Ummi ta ce ko jikokina ba za su taka ƙarshenta ba. Linzamin kwamfuta inda na nuna nan bulo yake zama, ba kamar sandar babban yatsa da kake lallaɓawa kamar mai zura zare a allura ba. Akwai bulon laka na sosai, akwai awaki, har raƙumi. Kuma ka saurara da kyau: layi ɗaya na rubuta, aladu suka daina zuwa. Layi ɗaya, Likita. In akwatinka ma yana da wannan dabarar, to ka yi tseren alade a banza.

Har katanga ana iya rubuta ta. Ka faɗi daga ina zuwa ina, ka danna, ta miƙe sambal. Abin da ya ci maka mako, ni kafin ruwan shayi ya tafasa na gama shi, tafasa ta gaske ba irin taka ba. Na yi ta jin daɗin kaina. Na aika aka sayo wayar da ke haɗa kwamfuta da talabijin, na zaunar da Inna da la'asar, na ce mata ga gida.

Ta duba, ta sake dubawa, ta ce wannan asibiti ne. Ta ce katangar gidanta tana da ciki ta wajen rijiya inda ruwa ya ci gindinta, ta kudu kuma ta fi ta arewa gajarta, don ta nan take miƙa wa maƙwabciyarta garwashi. Na koma akwati na duba. Duk suna nan. Abin da na ɗauka karkatar yatsanka ce na miƙe shi, ashe faɗa maka aka yi ka bi. Sannan ta sa na zagaya da ita bayan ɗaki. Ta ƙura wa wurin ido. Can ta ce, “Ina yarana?”

Baban Ummi, 'yan duwatsun nan da ka jera a bayan ɗakinta. Tun ranar farko na gan su, na ce shara ce ka manta ba ka kwashe ba, irin halinka da kwanon abinci, na tsallake su. A ranar na ji daga bakinta cewa nan aka binne mabiyiyar kowannenmu bayan haihuwarsa. Ta lissafa mu da yatsa, yayyena maza, ni, sai wasu biyu da ban taɓa jin labarinsu ba, mace da namiji, ba su kai yaye ba. Macen ita ce ta fari. Na haura arba'in a duniya, uwata ba ta taɓa gaya mini ina da yaya mace ba. Kai ta gaya wa. Kai da ba ta haɗa ido da kai, ba ta kama sunanka, sai dai yaron nan.

Na daɗe ina juya wannan kafin na gane. Ba kai take yi wa magana ba, talabijin take yi wa, kai ma talabijin kake amsa wa. Kowa ya ba ɗan'uwansa gefe, ido a gaba, kunya ba ta karye ba, magana kuma ta wuce. Wannan ne abin da akwatinka yake da shi wanda kwamfutata ba ta da shi, kuma na ƙi jinin in faɗa: mutum biyu a fuska ɗaya. Kwamfuta ta mutum ɗaya ce. Madannanta ƙanana ne, ga haruffan boko, yatsun Inna ba za su iya ba. Ni nake tuƙa ta, tana cewa dama, hagu, tsaya, kamar ta hau bayan ɗan acaba. Ko durƙuson ma ba ɗaya ba ne. A akwati sau ɗaya kake dannawa, mutum ya zauna a durƙushe har sai ka tashe shi. A kwamfuta sai ka danne da ƙaramin yatsa, kana ɗagawa ya miƙe ƙiƙam kamar yaran yanzu. Nan kam ka ci ni. Ka adana ta, don ba zan sake faɗa ba.

Na rushe katangata mai kyau na yi mata ciki. Na gajarta ta kudu. Na jera duwatsu tana gaya mini wanne ne na wa, ni kuma na zauna gefenta ina kallon talabijin ba ita ba, yadda ka yi. Na namijin ta faɗi sunansa. Na macen ta ce na waccan ne kawai. 'Yar fari ko ta mutu ana jin kunyar sunanta. Ko ta gaya maka? In ta gaya maka, ka tafi da shi.

A karo na biyu ta yarda gidanta ne. Ta shiga ɗaki, ta sa na juyar da ita ta fuskanci ƙofa. Muka zauna. Ta jira, na kuwa san abin da take jira. Da aka jima ta tambaya ko yaron nan fushi yake da ita, ya kwana biyu bai zo gaisuwa ba. An gaya mata rasuwarka ta yi kuka ta manta, aka sake gaya mata ta sake kukan sabo fil, na hana a ƙara. Na ce mata kana kara. Ta ce shanu dai, shanu dai. Sai ta tashi ta ɗaure zannuwanta. Ranar daga bakin titi maƙwabta suka taro mini ita, ni ina tsaye a ƙofar gida da takaba a kaina kamar an kafa ni.

Ban taɓa jin haushinka kamar na ranar ba. Washegari na yi abin da na daɗe ina gudu. Na kunna hannun gem na biyu, naka, wanda robar sandarsa ta cinye daidai babban yatsanka. Fuskar talabijin ta rabu biyu, sai ga ka. Inda ka tsaya ranar ƙarshe nan wasan ya ajiye ka, bakin ƙofar Inna, daga waje, da koriyar rigar da Ummi ta zaɓa maka, kana riƙe da tsabar kiran kaji. A rabin Inna ina ganin fuskarka mai kusurwa huɗu. A naka rabin ina ganin abin da kake gani, ɗakinta, iyakar abin da ake hangowa daga dokin ƙofa. Ban danna komai ba. Na kashe.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk la'asar ɗin da kake zaton ina madafa ina fama da tuwo, ina bayan labule. Ina ganinka in ka durƙusar da mutumin nan, kai ma kanka sai ya sunkuya ba ka sani ba, har ƙafarka kake saukewa daga kan kujera. Na karanta littattafan soyayya da na waƙa iya karatu, na koyar da su, na bi bayan masu sharhinsu da jan biro, ban taɓa cin karo da abin da ya kai wannan ba: ƙato da furfura a gemu yana gaida tsohuwa da mutumin bulo don ta kwana da kwanciyar rai. Ban ce ka kyauta ba. Na ce zan faɗa maka ranar Asabar, in ka cika naka alkawarin. Ashe ciwon naka mai yaɗuwa ne, Likita, kuma ba ka yi wa na gida rigakafi ba.

Yanzu ga labari mai daɗi. Na ajiye shi ƙarshe ne don ka ɗan ji jiki tukuna. Ummi ce ta tuna mini cewa kwamfuta ba ta raba fuska biyu, amma tana buɗe ƙofa ga na nesa. Ta haɗa tata da tawa daga Kano, ban san duk yadda ta yi ba, na dai sa data na bi abin da ta ce. Shekaranjiya da la'asar Inna na ɗaki tana fuskantar ƙofa, waya na gefenmu a buɗe, sai ga mutum ya diro tsakar gida ta kan katanga. 'Yarka ce. Ta ga zagayawa ta zaure ɓata lokaci ne. Inna ta gyara zama ta ce wane mara tarbiyya ne yake haura mata katanga da rana tsaka, gidan ba shi da ƙofa ne? Muryar Ummi ta fito daga waya tana dariya, wai ƙawata ni ce, na zo cin tuwon tsohuwa. Inna ta ce ko 'yar waye, ta koma ta shigo ta zaure da sallama. Ta koma. Sabis ya tsinke tana tsakiyar shigifa, ta tsaya cak, Inna ta ce ai gara ta tsaya nan ta yi tunanin halinta. Da ya dawo ta ƙaraso ta yi sallama ta durƙusa a bakin ƙofa. Yatsa ya gaji ta miƙe, aka ce ta koma, ta koma. Sannan Inna ta ce, “Shigo mana, ke ai jika ce, ba suruki ba.”

Ta shiga, Baban Ummi. Ɗakin da ka ƙare zamanka kana tsayawa a bakinsa, 'yarka ta shiga ta haye gadon kakarta tana tsalle. Suka yi ta tsiya har magariba, wannan ta ce tsohuwa mai rowar man shanu, waccan ta ce mai ƙafar sauro da boko ya tsotse. Suka rufe kaji. Ƙunshin zannuwa bai motsa ba. Jiya ma haka. Ban ce an warke ba. Wata rana sabis zai ƙi, wata rana Ummi na da lacca, kuma ko jiya bayan an kashe sai da Inna ta sake tambayar yaron nan. Amma gidan yanzu yana cikin filashi biyu, ɗaya a adakata ɗaya a Kano, ruwa ba zai ci shi ba, babu mai mayar da shi shaguna. Sanusi ma ya ce in an koya masa zai riƙa leƙowa gaisuwa daga Kongolam, zai nemi aron kwamfuta. Na ce kada wanda ya sake ambata mini aro a gidan nan.

To ga wa'adi, tunda kai ba ka aiki sai an yanka maka rana. Juma'a zan yi wanka in fita takaba. Asabar bayan la'asar Sanusi zai zo. Daga yau zuwa lokacin, in akwai wani abu da Inna ta gaya maka ka gina ban lura ba, wani dutse, wani lungu, ko sunan yayar nan tawa, ka san yadda za ka yi ka nuna mini. Mafarki yana nan, ba a hawa babur. In ba ka zo ba shi ke nan, na ɗauka na kwashe duka.

Ranar Asabar ɗin, kafin ya iso, zan zaunar da Inna in kunna hannayen biyu. Zan durƙusar da kai a bakin ƙofarta in gaya mata yaron nan ya zo sallama, zai yi tafiya mai nisa. Ba ƙarya na yi ba. Na san me za ta ce. Za ta juya fuska gefe ta ce Allah ya tsare hanya, Allah ya yi albarka, ka ga ka samu guzurin da ba ka tsaya ka karɓa ba. Sannan in tashe ka in fitar da kai ta zaure, ba ta katanga ba, in bi da kai gabas har bakin tekun nan da duniyar akwatinka ta ƙare, in kashe. Zan goge masa ƙura in miƙa wa mai shi, kuma sai ya ce ya yafe da bakinsa na ji kafin ya ɗaura shi a babur.

Litinin in na tashi daga makaranta zan biya asibiti a auna jinina. Litinin na ce. In na dawo da la'asar kuma akwai aikin da zan fara. Zan ja hanya daga ƙofar zauren Baba, doguwa, in gina gidanmu na nan Daura a ƙarshenta, da zogalensa da tunkiyar da ka yi wa ƙazafi, don in Inna ta je gida ta rufe kajinta ta san hanyar dawowa wurina. Akwatinka ba zai ɗauki gida biyu da hanya ba. Tawa za ta ɗauka. A bakin ƙofar ɗakin Inna kuwa, daga waje, zan shimfiɗa 'yar tabarma. Na gaya wa Ummi ta riƙa kewaye ta.

Fushina ma Asabar ɗin nan na yanka masa. In rana ta faɗi zan sauke shi in yafe maka duka, da shayin, da ƙwayar, da aladun. In kuwa aka wayi gari Lahadi ka ga ban huce ba, kada ka damu. Asabar mai zuwa.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya ba ka gidan da ba na aro ba.

Taka har gobe,
Delu, mai gadin ruwan shayi